Daga Kano zuwa Jidda awa nawa ne a jirgi? Amsa uku aka ba ni

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku warware min wani lissafi da ya hana ni barci. Mahaifiyarmu za ta tafi Umra ta jirgin yawo a ƙarshen Sha'aban, ta yi rabin azumi a can ta dawo. Shekarunta 74, ga ciwon gwiwa ga suga, ba ta iya dogon zama. Wanda ya yi mana biza ya ce Kano zuwa Jidda awa huɗu ne kacal. Yayanmu da ya je a 2019 ya ce awa huɗu da rabi suka yi. Ni kuma da na duba tikitin, an rubuta tashi 11:30 na dare, sauka 8:00 na safe. Na ƙirga da yatsuna, awa takwas da rabi ke nan. Na dawowa kuma tashi 10:00 na safe, sauka 2:40 na rana, awa huɗu da minti arba'in. To wanne ne gaskiya? Ta yaya hanya ɗaya za ta zama tafiya ta ninka dawowa?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Hajiya kin manta bambancin agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Ki cire biyu a tafiya, ki ƙara biyu a dawowa.

Maman Khalifa: Af! To tafiya shida da rabi, dawowa shida da minti arba'in. Yanzu sun yi kusa da juna. Amma har yanzu bai zo daidai da huɗu da rabin da Yaya ya faɗa ba.

Tsohon Injiniya: 'Yata, duk su ukun, mai biza da Yayanku da kamfanin da ya buga tikiti, babu wanda ya yi miki ƙarya da gangan, kowa dai abin da ya sani ya faɗa. Bari in bi miki shi daki-daki, don na yi shekaru ina aiki a gefen jirage kafin in ajiye.

Lokacin da ake bugawa a tikiti kullum agogon garin da abin zai faru ne. Tashi da agogon Kano, sauka da agogon Jidda. Wannan Ɗan Fagge ya riga ya warware.

Nisa kuma, idan aka ja zare a kan ƙwallon duniya daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, kilomita 3,400 ne da 'yan kai. Babban jirgi irin Boeing 777 ko Airbus A330, idan ya daidaita a sama, yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Ki raba, za ki samu kusan awa huɗu. Daga nan mai bizarku ya samo lissafinsa. Sai dai jirgi ba ya fara gudun nan daga ƙasa. Zai hau a hankali, zai sauko a hankali, wani lokaci a sa shi ya yi shawagi yana jiran layi. Kuma abin da kamfani ke bugawa yana farawa ne daga lokacin da aka tura jirgin baya daga mazauninsa har ya tsaya cak a ɗaya filin, har da rarrafen da yake yi a kan kwalta. In kin haɗa duka, ga huɗu da rabin Yayanku.

Amma ki bi zaren nan da ido. Daga Kano ya nufi gabas yana ɗan karkata arewa, ya bi ta kan Jigawa da Yobe, ya ɗan shiga Nijar ta wajen Diffa da arewacin Tafkin Chadi, ya ratsa Chadi, sannan ya shiga Sudan ta arewacin Darfur, ya tsallake Kogin Nilu wajen Dongola, ya fita Bahar Maliya ta arewa da Port Sudan. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na hanyar a saman Sudan yake. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, har jiragen da ke ajiye a filin Khartoum wuta ta taɓa. Daga nan jiragenmu suka koma zagaye. Awa shida da rabin da ke tikitin Hajiya yana nuna kamfanin ya tsara tafiyar ne da zagayen, abin da zai kai kilomita dubu biyar ko kusa da haka.

Baban Ummi: Ni dai ban yarda ba. Ana fakewa da Sudan ne kawai a tsawwala wa mutane kuɗi. Sama fa ba titi ba ce da za a ce an sa shinge. Jirgi yana ƙafa dubu talatin da biyar, wace bindiga ce za ta kai can?

Tsohon Injiniya: Malam Baban Ummi, sama tana da tituna, ba a ganinsu ne kawai. Kowace ƙasa tana da masu kula da zirga-zirga da ke magana da matuƙi ta rediyo, su ce hau nan, sauka nan, ga wani jirgi a gabanka. Idan masu wannan aikin suka watse saboda yaƙi, jirage ɗari za su shiga wuri ɗaya babu mai raba su. Sannan matuƙi yana buƙatar filin da zai sauka idan inji ya samu matsala ko fasinja ya faɗi. Uku, kamfanin inshora ba zai tsaya wa jirgin da ya shiga inda aka rufe ba. Batun bindiga kuwa, a Yuli 2014 an harbo jirgin Malaysia a gabashin Ukraine yana sama da ƙafa dubu talatin, mutum 298 suka mutu. Tun daga nan babu kamfanin da ke wasa da wannan.

Kuma zagaye ba riba ba ce gare su. Awa biyu na ƙari a babban jirgi man jirgi ne tan-tan, ga kuɗin ratsa sararin kowace ƙasa da ake biya, ga jirgin da da zai yi sawu biyu a rana ya koma da kyar yake yin ɗaya da rabi.

Baban Ummi: Na ji batun inshora da masu rediyo, wannan hujja ce. Amma ina nan a kan bakana cewa idan hanya ta buɗe, ba za mu ga an rage kuɗin da saurin da aka ƙara shi ba.

Tsohon Injiniya: A nan ba zan yi maka musu ba.

Alhajin Bana: Ni shaida ne a kan zagayen. Na yi aikin Hajji a 2023, watanni kaɗan da fara yaƙin. Allon da ke bayan kujera yana nuna taswira, ina kallo muka bar Kano muka nufi kudu maso gabas kamar ba Makka za mu ba. Kamaru, Afirka ta Tsakiya, muka gangara har wajen Uganda da Kenya, sannan muka juyo arewa ta Habasha muka fito Bahar Maliya. Wani dattijo kusa da ni da ya taɓa zuwa sau biyu ya yi ta duba agogo, da awa biyar ta cika ya fara tattara jakarsa yana cewa mun iso. Sai da muka ƙara kusan biyu a kai. A shekarar ne ma kamfanonin jigilar alhazai suka nemi ƙarin kuɗi saboda hanyar ta tsawaita, duk wanda ya bi labarai zai tuna.

'Yar Damagaram: Mu da ke tashi daga Yamai abin ya fi naku. Ko a miƙe kilomita dubu huɗu ne zuwa Jidda. Agogonmu ɗaya da naku, awa biyun nan mu ma muna cirewa.

Ɗan Zangon Kumasi: Mu a Gana uku muke cirewa. Ranar da kawuna ya sauka muka yi ta kiran waya muna cewa jirgi ya makara, ashe mu ne muka juya lissafin.

Malamin Lissafi: Ƙarin bayani ga masu duba intanet, don na ga ɗalibaina suna ruɗewa a nan. Za ka ga wani shafi ya ce 3,400, wani 2,100 da wani abu, wani 1,850, ka ɗauka saɓani ne. Nisa ɗaya ne da ma'auni uku. Mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, mil na ruwa wanda matuƙa jirgi ke aiki da shi kilomita 1.852 ne. Kuma lokacin da irin waɗannan shafuka ke bayarwa na'ura ce ta raba nisa da gudu, ba ta san an rufe Sudan ba, ba ta san hazo ba.

Maman Khalifa: Allah Ya saka da alheri Baba Injiniya, yanzu na gane. To me ya sa dawowa ta fi da minti goma? Ko shi ma wani zagayen ne?

Tsohon Injiniya: Galibi iska ce. A can sama akwai iska mai ƙarfi da ke gudu kamar kogi. Da hunturu wadda ta fi ƙarfi tana busowa daga yamma zuwa gabas ta saman arewacin Afirka da Larabawa, sai ta tura mai tafiya Makka ta danne mai dawowa. Da damina kuma a saman yankinmu na Sahel wata ce ke tasowa daga gabas, sai lissafin ya juya. Jirgi yana gudunsa ɗaya a cikin iska, amma abin da yake ci a ƙasa ya danganta da ko iskar tana bayansa ko tana gabansa, kamar mai kwale-kwale da ke bin ruwa da wanda ke saɓa masa. Minti goma zuwa ashirin ba abin damuwa ba ne.

Abin da zan ba ki shawara, ki ɗauki lambar jirgin da ke tikitin ki sa a Flightradar24, shafin intanet mai bin sawun jirage. Zai nuna miki sawun da jirgin ya yi a kwanakin baya, da awannin da ya ɗauka, da layin da ya bi. Wannan ya fi maganar kowa a nan, har da tawa, don hanyoyin nan suna canzawa da yadda tsaro ya kasance.

Baban Ummi: Tunda Hajiya ba ta iya dogon zama, me zai hana a canza mata zuwa mai yada zango? Ta Alƙahira ko ta Addis Ababa. Ta sauka ta miƙe ƙafa, ta yi sallah a ƙasa, ta huta, sannan ta ƙarasa. Sau da yawa ma ya fi araha.

Anti Nas: A'a, don Allah kar a yi haka. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na raka surukata ta irin wannan hanyar, na ga abin da ido. A takarda yana da kyau. Kano zuwa Alƙahira kilomita 3,100 ne, daga can zuwa Jidda wajen 1,200. Ta Addis kuma 3,300 da 1,400. Wato zangon farko kaɗai ya kusa kai tsawon tafiyar gaba ɗaya a miƙe, ba a rage mata zaman kirki ba, an dai ƙara mata hawa da sauka. Mu awa bakwai muka yi a filin da muka yada zango. Keken da na nema tun daga gida bai zo ba sai da muka yi rabin tafiyar da ƙafa, ga dogon baranda, ga sake binciken kaya, ga sanyin na'ura, ga abincin da ba ta saba ba. Da muka isa masauki a Makka mun haura awa ashirin da barin gida, kwana biyu ba ta iya zuwa Harami ba. Tsoho ba zaman jirgi ne ke karya shi ba kamar jira da jan ƙafa.

Maman Khalifa, ki daina ƙirga awannin sama kaɗai, ki ƙirga daga ƙofar gida zuwa ƙofar ɗaki. Za ku je fili awa uku kafin tashi. Shida da rabi a jirgi. A Jidda layin shige da fice da jiran kaya, a lokacin cunkoson azumi ki ba shi awa biyu. Daga filin zuwa Makka kusan kilomita ɗari, awa ɗaya da rabi a mota in hanya ta yi kyau. Kin ga awa goma sha uku ke nan, kuma da harami a jikinta, Umra tana jiranta.

Ki nema mata keke tun yanzu ta hannun kamfanin jirgin, a rubuta a tikitin, kar a bari sai ranar. Kujerar bakin hanya, kusa da banɗaki. Duk awa ɗaya ko biyu ta tashi ta ɗan taka, in ba hali ta riƙa motsa tafin ƙafa tana zaune, saboda dogon zama yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ta sha ruwa, kar ta ƙi sha don gudun fitsari, tsofaffinmu suna yawan yin haka. Magungunanta duka a jakar hannu, da dabino ko alewa saboda faɗuwar suga. Batun lokacin shan magani da awa biyun da za su gusa, da batun azumin kanta, ku zauna da likitanta kafin tafiya.

Baban Ummi: Anti na sallama. Ni lafiyayyen mutum nake aunawa.

Malam Na Tudun Wada: Akwai abu biyu na ibada da wannan lissafin ya shafa, kada a bar su.

Na farko Asuba. Jirgin da ya tashi 11:30 na dare ya sauka 8:00 na safe agogon Jidda, alfijir zai keto yana sama, rana ma za ta fito kafin ya sauka. Mai tafiya gabas yana tarar rana ne, darensa gajere ne. Kada Hajiya ta dogara da agogon hannunta na Kano, ta duba taga. Ta riƙe alwala in za ta iya, idan lokaci ya shiga ta yi sallarta gwargwadon iko, a zaune in tsayuwa ba ta yiwu ba, kada ta bari rana ta fito.

Na biyu miƙati. Tunda Jidda za ta sauka kuma Makka ta nufa kai tsaye, ta yi wankanta ta shirya tun daga gida. Mace ba ta da wani tufa na musamman, kayanta na sutura su ne haraminta, abin da ya rage niyya da talbiyya. Jirgin da ya biyo ta kudu ya hau Bahar Maliya yana daidaita da Yalamlam kafin ya kai Jidda, matuƙa sukan sanar. Amma jirgi yana cin kusan kilomita goma sha huɗu a minti ɗaya, kafin a tashi mai barci an wuce. Gara ta yi niyya da ɗan sauran lokaci. Akwai maganar malamai a kan wanda ya zo Jidda ta yamma sak, irin mutanen Sawakin da ke gaɓar tekun Sudan, ko zai iya ɗaura harami a Jidda, amma wanda ya yi niyya tun a sama ya fita daga saɓanin.

Wanda kuma jirginsa Madina zai sauka, babu harami a kansa sai ranar da zai fito, ya ɗaura a Zul-Hulaifa.

Maman Khalifa: Malam to dawowa fa? Cikin azumi ne, da rana.

Malam Na Tudun Wada: Matafiyi yana da rangwame, mara lafiya yana da rangwame, ita ta haɗa biyun. In ta sha ta rama babu laifi. Wanda ya zaɓi ya yi azumin kuwa ya sani ya yi sahur da alfijir ɗin Makka, zai sha ruwa da faɗuwar ranar Kano, azuminsa ya ƙaru da kusan awa biyu. Kuma wanda magariba ta riske shi a sama, ba ya shan ruwa da agogon garin da ya baro ko wanda ke ƙarƙashinsa, sai ya ga rana ta faɗi daga inda yake.

Malamin Lissafi: Lissafin Malam ya fita daidai. Duniya tana juya digiri 15 a awa, tsakanin Kano da Jidda digiri 30 ne da ɗan ɗori.

Bahaushen Sudan: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. 'Yan'uwa, ba ina raina wahalar Hajiya ba ne, Allah Ya kai ta lafiya Ya karɓa. Amma duk lokacin da na ji ana cewa "an rufe saman Sudan, an ƙara mana awa biyu", sai zuciyata ta yi nauyi. Ƙasar da jirginku ke kauce wa, a cikinta aka haife ni. Kakannin kakanninmu daga ƙasar Hausa suka fito da niyyar Makka, da ƙafa da jaki, ta Borno, ta Abeche, ta Junaina da Fashir da Ubayyid, suna noma a hanya suna tara guzuri, wasu shekara biyar, wasu goma, wasu suka zauna ba su ƙarasa ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne, wanda ya ci gaba da hijira da jama'a bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Garuruwan nan da na lissafa, Junaina da Fashir, ku ne kuke jin sunansu a labarai yanzu.

Daga Port Sudan zuwa Jidda kilomita ɗari uku ne da kaɗan, jirgin sama ba ya cika awa ɗaya. Amma iyalina da suka fito daga Khartoum kwana uku suka yi a mota kafin su ga teku. Idan Hajiya ta isa gaban Ka'aba, a roƙa mana ita ta sa mu a addu'a.

Alhajin Bana: Allahu Akbar. Ɗan'uwa ka yafe mana, muna ta ƙorafin kujera. Allah Ya kawo muku zaman lafiya.

Tsohon Injiniya: Amin. Hanyar da ka zana ita ce kuma jirgi ya fara bi ya zo mana. Jiragen farko da suka sauka a Kano a Nuwamba 1925, guda uku na sojan saman Ingila, daga Masar suka taso suka biyo ta Sudan da Chadi suna yada zango, suka sauka a filin sukuwa. Kakana yana cikin yaran da suka ruga kallo, har ya rasu yana ba da labarin. Shi kuma da ya tashi tafiya Hajji a mota ya bi ta Fort-Lamy, wadda ake kira N'Djamena yanzu, watanni ya yi kafin ya ga Sawakin.

Maman Khalifa: Na karanta wa Hajiya saƙonka da bakina, ɗan'uwanmu na Sudan. Ta yi shiru, sannan ta ce wan mahaifinta ya tafi Makka da ƙafa tun ba a haife ta ba, bai dawo ba, labarin ƙarshe da aka samu yana wani gari a Sudan ya yi aure. Ta ce in faɗa maka ta ɗauki alkawari, a Ɗawafi da kuma a Safa da Marwa.

Na duba lambar jirgin kamar yadda Baba Injiniya ya ce. Sawu biyar na baya duk tsakanin awa shida da minti biyar zuwa shida da ashirin suka yi a sama, kuma ta kudu suke bi. Mun bar tikitin yadda yake, ba za mu canza zuwa mai zango ba. An rubuta mata keke a Kano da Jidda, an ba ta kujerar bakin hanya, jibi za mu ga likita. Ƙanena da zai raka ta na ce ya saita agogon wayarsa a na Saudiyya tun suna filin Kano.

Anti Nas: Madalla. Ki ƙara mata safa mai kauri da mayafi a jakar hannu, jirgin dare yana da sanyi. Kuma in sun isa Makka kar ƙanenki ya gaggauta ta, ta ci abinci ta yi barci tukuna, harami ba ya ɓaci don an huta, sai ta yi Umrarta da daddare in zafi ya sauka.

Bahaushen Sudan: Ki gaishe min da Hajiya, ki ce ɗanta ya gode. In ta tuna sunan garin da wan mahaifinta ya zauna, ki turo min ta akwatin sirri, akwai dattawan da zan tambaya.